Baba Emil, Ka Ce Ban da Wuta

Zuwa ga Baba Emil ɗan Yakubu,

Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uba, tare da girmamawa da tuna alheri. A makaranta an koya mana cewa bayan gaisuwa sai a rubuta da fatan kana lafiya. Na rubuta, na goge. Ban san abin da ake sawa a gurbinsa ba idan wanda ake rubuta wa ya rasu, don haka na bar wurin haka nan.

Ranar Asabar na gane abin da ya faru da kai, kwana biyar da rasuwarka. Mista Tan, ɗan yayan matarka marigayiya Anti Lili, ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da hantsi. Yana riƙe da kulata wadda na kai maka fate a ciki. Na zura hijabi na bi shi filat ɗinka don in yi masa gaisuwar rashi. Na haɗa ɗan Turancina da ɗan yaren Malay da na iya, na tambaye shi wace maƙabarta aka kai ka, don in mijina, Abban Amira, ya dawo daga Najeriya ya je ya ga wurin. Bai fahimce ni ba sai da na nuna ƙasa da hannu. Sai ya girgiza kai, ya juya, ya nuna mini saman teburin talabijin. Wani farin tulu ne na tangaran mai murfi, bai kai tukunyar miyata girma ba. An liƙa hotonka a jikinsa.

Na tsaya ina kallon tulun, ina jiran ya ƙarasa bayani. Na tsinci kaina zaune a ƙasa.

Baba, sun ƙona ka. Abu ɗaya ka taɓa roƙo na a shekara biyar da muka yi ƙofa da ƙofa, kuma shi ne ban yi maka ba.

Tun daga ranar ban iya zama wuri ɗaya ba. In ɗora tukunya in manta, in ɗauki tsintsiya in ajiye, in duba waya, in sake dubawa. Mista Tan ya bar mini makullinka, kuma tulun yana nan inda na gan shi, bango ɗaya ne tsakanina da kai. An sayar da filat ɗin. Saura kwana goma sha tara a miƙa makulli ga sabon mai shi. Mun yi magana da Mista Tan, ya yarda ya jira ni har ranar. In na samo maka ƙasa, zai ba ni kai. In ban samo ba, zai kai ka gidan nan da suke jera tuluna a jikin bango kamar akwatunan gidan waya, ya rufe da gilashi. Mu kuma Abban Amira ya gama karatunsa, makonni kaɗan suka rage mu koma Kano.

Na san kai ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma Hausarka ba ta wuce sannu da na ƙoshi ba, shi ma na ƙoshi ƙarya kake yi. Na sa wasiƙar a shafina na intanet ne inda kowa zai gani, don mutanenmu sun bazu a duniya, wataƙila a cikinsu akwai wanda ya san hanyar da ni ban sani ba. Na san kuma wasu za su zage ni. Sun fara tun kafin in rubuta.

A lif muka fara haɗuwa, ina da mako biyu a unguwar Pantai Dalam ta Kuala Lumpur, ban san kowa ba, ban san ko sunan titinmu ba. Amira tana goye tana tsala ihu. Ka shigo da sandarka da ledar tapau ɗinka, wato abincin da ka sayo daga shagon mamak, Indiyawa Musulmi masu sayar da abinci, tsoho fari fat, dogon hanci, kunnuwa kamar faifai. Ƙofar lif tana rufewa ka yi kamar ta matse maka hanci, ka ja baya kana tangaɗi, ka riƙe wurin kana hararar ƙofar kamar ta zage ka. Amira ta yi shiru, sannan ta ƙyalƙyale. Ni kuwa na sunkuyar da kai, don ba a koya mini yi wa baƙon namiji dariya ba.

Wannan sunkuyar da kan ne ya dame ka. Daga baya ka gaya mini cewa ka yi wasa a gaban sojoji, ka yi a gaban mashaya, ka yi a gaban mutanen da ruwan sama ya jiƙa, amma ba ka taɓa haɗuwa da mai taurin dariya irina ba. Wata uku kana fama. Ka gaishe da tukunyar fulawa ta bakin lif, ka ba ta haƙuri. Ka nemi tabaranka alhali yana kan goshinka. Ranar da ka yi nasara, ba ka ma shirya ba. Azumi ne, na aika wa maƙwabta abinci kamar yadda muka saba a gida, na kawo maka tuwon shinkafa da miyar kuka. Ka buɗe kular, ka leƙa, ka daɗe kana leƙawa, sannan ka tambaye ni da gaske ko akwai kwaɗi a ciki. Dariya ta ƙwace mini har na dafa bango. Ka ɗaga hannu sama kamar wanda ya ci gasa. Kuma ka cinye miyar tas.

Daga nan ka zama Baba. Amira da ta fara magana ta riƙa ce maka Atuk, yadda yaran nan suke kiran kakanninsu.

Turancina na ƙaramar sakandare ne, a aji uku na tsaya. Naka kuma yana da wani nauyi a harshe. Amma ba mu taɓa rasa fahimtar juna ba, don rabin maganarka da fuska da hannu kake yin ta. Da haka ka ba ni labarin aikinka. Ka ce kana ɗan shekara goma sha shida ka fara share dandamalin wasan kwaikwayo a Landan, kana jan labule, kana ɗaukar kujeru. Wata rana wani ɗan wasa bai zo ba aka tura ka ka shiga da faranti, ka yi tuntuɓe ba da niyya ba, zauren ya kece da dariya. Ka ce a kwance a ƙasa ka yanke shawarar abin da za ka yi da rayuwarka.

Ka nuna mini tsofaffin wasanninka na talabijin, wasu ma ba su da kala. Ba ka taɓa zama babban jarumi ba. Kai ne mai kawo abinci a otal da ba ya jin abin da ake faɗa, kai ne wanzamin da ke aske gefe ɗaya, kai ne likitan da ke tsoron jini. Duk inda ake neman baƙo mai karyayyen Turanci, kai ake kira. Ka ce tuni harshenka ya miƙe, kana iya magana kamar haifaffen can, amma ba wanda yake son miƙaƙƙen harshenka, sai ka riƙa adana karyayyen kamar yadda tela ke adana almakashinsa. Shekara talatin da wani abu kana shigowa ta ƙofa a lokacin da bai dace ba, kana faɗuwa, kana tashi, ana tafi.

Sau ɗaya, ka ce, ka roƙi a ba ka wasan da ba na dariya ba. Aka ba ka uban da ɗansa ya ɓata. Ka yi wata guda kana shiri. Ranar farko, kana leƙo kai daga bayan labule, ko baki ba ka buɗe ba, mutane suka fashe da dariya. Ka ce ba ka sake roƙo ba. Kana ba ni labarin kana kwaikwayon yadda ka tsaya sororo, ni ma na yi dariyar. Yanzu in na tuna sai in ji kunya.

Anti Lili ban riske ta ba. Hotonta kawai na sani, da fararen kayan nas. Ka ce a asibitin Landan kuka haɗu lokacin da ka karye a wurin aiki, faɗuwar gaske ta farko, kuma ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba, shi ya sa ka aure ta. Ba ku haihu ba. Da ta yi ritaya ta ce gida za ta dawo, ka biyo ta Kuala Lumpur, ta yi shekarunta ta rasu ta bar ka a garin da ba wanda ya san fuskarka. Kakan ce a da ba ka iya sayen burodi ba tare da wani ya kwaikwayi tafiyarka ba, yanzu kuwa mai gadi ma sai ka gaya masa lambar ƙofarka. Ban taɓa gane ko daɗin hakan kake ji ko ciwo ba. Ina jin kai ma ba ka gane ba.

Akwai wasan da ka fi daɗewa kana yi, wanda kake sa kakin soja da doguwar takalma, kana daka tsawa, kana ƙamewa, hular tana rufe maka ido, ƙarshe ka faɗa cikin taɓo. Ni da Amira mun fi son wannan. Wata rana da la'asar muna kallo, sai ka tsayar da hoton a daidai inda kake ƙame. Ka ce masu irin wannan kakin ne suka tafi da mahaifiyarka.

A ranar ka gaya mini sauran. Kana ɗan shekara shida, a birninku Biyana can ƙasar Turawa, mahaifiyarka Roza ta kai ka tashar jirgin ƙasa, ta rataya maka kwali mai lamba a wuya, ta ba ka ƙaramin akwati, ta ce ka yi gaba za su biyo ka. Jirgin cike yake da yaran da za a kai Ingila, ba uwa ko ɗaya. Ka ce ta yi ta yi maka gwalo da murguɗa baki ta taga don kada ka yi kuka, kuma wannan ce fuskarta ta ƙarshe da ka gani. Ita da mahaifinka Yakubu da yayarka ba su biyo ka ba. An kwashe su, an kashe su, an ƙona gawarsu. Ba kabari, ba rana. Na tambaye ka laifin me suka yi. Ka kalle ni ka ce, "Yahudawa ne, Hajara. Ni ma Bayahude ne."

Zan faɗi gaskiya tunda na fara. Na tashi na ɗauki kulata na ja hannun Amira na fita. Kwana goma sha bakwai ban taka ƙofarka ba. A inda na tashi, wannan sunan da shi ake zagin mugu. Ban taɓa tunanin yana da fuska ba, balle fuskar mai cin miyar kukata. Ina jin sandarka ta tsaya a ƙofarmu, ta ɗan jima, ta wuce. Amira tana tambayar ina Atuk, ina daka mata tsawa. Sai da na kira malamar da ta koyar da ni a Islamiyya na gaya mata komai. Ta tambaye ni ko ka taɓa cutar da ni. Na ce a'a. Ta ce to maƙwabci ne, haƙƙinsa yana wuyana, in tashi in kai maka abinci.

Ka buɗe ƙofa, ka gan ni da kula, ka dafe ƙirji ka sulale jikin bango kamar ka suma. Ba ka taɓa tambaya ta ina na shiga ba. Abin da ka ce kawai, ka rame, mamak ya kusa kashe ka da miyarsa ta kori. Daga baya ka ce ai kakanninmu wa da ƙane ne. Na ce a wurinmu 'ya'yan dangi irin haka akwai waɗanda ake kira taubasai, suna tsokanar juna ba a fushi. Ka riƙe wannan kalma gam. Duk rashin jin da za ka yi mini sai ka ɗaga yatsa ka ce taubashi.

Lokacin da talabijin ta cika da yaran Falasɗinu ana zaƙulo su daga ƙarƙashin gini, na yi kuka, na yi fushi, na bi mata mun yi addu'a, kuma har gobe zuciyata tana can. Na shigo wurinka a ɗarare, ban san me zan gani a fuskarka ba. Na tarar ka kashe talabijin kana zaune kana kallon baƙin gilashin. Ranar ba ka yi wasa ko ɗaya ba. Ka ce duk yaron da ka gani a tsaye yana waige-waigen uwarsa, ka san shi, ba sai an gaya maka ɗan wane ne ba. Na zauna tare da kai har aka kira magariba na tashi.

Maganar da ta hana ni sukuni a Jalan Tuanku Abdul Rahman, titin masu sayar da yadi, ta fara. Zan je sayen yadin Sallah ka ce sai ka raka ni, wai kana son ka ga yadda nake wahalar da masu shago. Muna cikin wani shago ka tsaya gaban farin yadi, kana shafa shi. Ka tambaye ni ko gaskiya ne a irinsa muke naɗe mamatanmu. Na ce ƙwarai. Ka ce ku ma haka. Wanka, farin ƙyalle marar aljihu, ƙasa, kuma ba a kwana ana jira, in ya yiwu ranar da mutum ya mutu ranar ake rufe shi. Na yi mamaki, na ce ashe kamar mu. Ka sa aka yanka maka. Mai shagon ya tambaya ko labule za a yi, ka ce masa e, labulen ƙarshe.

Da muka dawo ka yi mana wasan a falonka. Ka shimfiɗa yadin, ka kwanta, ka lulluɓe, ka miƙe sambal. Sai ka leƙo da ido ɗaya ka gyara matashi. Ka koma. Ka sake tashi ka kashe fanka wai sanyi. Amira tana birgima. Sannan ka miƙe da yadin a kafaɗa, ka shiga kicin ka kunna gas, ka nuna harshen wutar, ka kaɗa mata yatsa kamar mai yi wa yaro faɗa, ka kashe. Ina share hawayen dariya ka juyo, fuskarka ba wasa ko kaɗan. Ka ce, "Ban da wuta, Hajara. Wuta ta riga ta ci rabonta a gidanmu. Ni a sa ni a ƙasa." Na ce in Allah ya yarda. Ka ce ba ka san shi sosai ba, ni ka sani. Na ce to na ji, na ɗauka.

Ban tambaye ka ko ka gaya wa dangin Anti Lili ba. Ban tambaye ka ko ka rubuta ba. A wurinmu ba a rubuta irin wannan, kowa ya san abin da ake yi wa gawa.

Ranar Talata na kai Amira makaranta, na biya kasuwa. Ina dawowa mai gadi ya tare ni. Ya ce ka sauko sayen burodi a kedai, ɗan shagon ƙasan beninmu, ka faɗi a gaban kanta. Ya ce da farko yaran shagon dariya suka yi, don ka saba yi musu. Sai da suka ga ba ka leƙo da ido ɗaya ba. Kafin azahar ya hawo ya gaya mini asibiti sun ce ka cika, kuma dangin matarka sun je.

Ga abin da na yi, Baba, kuma ina so ka ji shi daga bakina. Na shiga ɗaki na zauna ina lissafin lokaci irin na gida. Na ce yanzu suna yi maka wanka. Na ce za su buɗe kabad su ga yadin. Da aka kira la'asar na ce yanzu an ɗauke ka. Da rana ta faɗi na ce shi ke nan, Baba ya kwanta a ɗakinsa. Kai da bakinka ka ce mutanenku ba sa jira. Ban tsaya na tambayi kaina su wane ne mutanen naka a garin nan ba. Ba ka da kowa mai yin irin naku. Ni ce kawai na sani.

Lambar Mista Tan tana cikin wayata. Kai ka sa mini ita da hannunka saboda irin wannan rana. Na buɗe ta ya fi sau goma. Amma mace ba ta bin gawa a wurinmu, ba ta kiran namijin da ba ta sani ba tana tambayar yadda za a yi jana'iza. Ana zama ne a gida, a yi haƙuri, in an natsa a je gaisuwa. Na kira Abban Amira a Najeriya, ya yi salati, ya ce in ya dawo ma je tare. Shi ma lissafin gida ya yi.

Ashe kana nan. Kwana uku kana kwance a gidan ajiye gawa, tafiyar da ba ta kai minti ashirin a mota ba. Sun yi maka irin tasu karramawar, ba su rage komai ba. Sun sa maka kwat da lakataye, sun kawo furanni, sun jera kujeru don masu zuwa. Mista Tan ya ce sun yi ta jira ko wani naka zai zo. Ya nuna mini hoton a wayarsa. Layi biyar na fararen kujeru, shi da matarsa a gaba, sauran ba kowa. Kai da ka ce abin da ka fi tsoro a duniya shi ne ka leƙo daga labule ka ga zaure wayam.

Ranar Alhamis, kwana uku, na tashi da sassafe na soya masa na raba wa maƙwabta, Malay da Indiyawa da 'yan gida, na ce tsohon ƙofar gaba ne ya rasu. A safiyar, a daidai lokacin da nake tsaye gaban tanda ina juya masa, a lokacin suka shigar da kai wuta.

Ban ga laifin Mista Tan ba. Da na yi masa bayani da hannu da baki, na kunna gas ɗinka na nuna masa yadda ka yi, sai da ya zauna ya cire tabarau. Ya ce ya san kai Bayahude ne kamar yadda ya san kai dogo ne, bai san akwai abin da hakan ke nufi ga gawa ba. Ya ce haka suka yi wa gwaggonsa, kuma ranar ka ƙi shiga zauren, ka tsaya a waje kana ba direbobi dariya, su suka ɗauka baƙin ciki ne ya yi maka yawa. Yadin kuwa ya gan shi a kabad cikin ledar shagon, ya ɗauka zanin gado ne. Na ɗauko shi na naɗe tulun da shi. Ya yi yawa ƙwarai, sai da na ninka shi sau takwas.

Da Abban Amira ya dawo na gaya masa, ya ce wannan ba huruminmu ba ne, mu bar wa danginka. Ban yi musu ba, ban kuma ci abinci ba. Washegari na fito na same shi gaban kwamfuta yana tambaya ta yadda ake rubuta sunanka. Shi ya gano akwai tsohuwar maƙabartar Yahudawa a garin Penang, cikin ƙasar nan. Shi ya rubuta wa wani malaminku a Singafo. Malamin ya amsa da mutunci. Ya ce a ƙa'idarsu ba a binne toka, amma in an ƙona mutum ba da son ransa ba, akwai duba. Abu biyu yake nema. Shaidar wanda ya ji wasiyyarka, da takardar da ta nuna ko wace ce mahaifiyarka.

Shaidar na bayar. Na faɗa da Hausa, Abban Amira ya juya, na sa hannu. Har wasan yadin na sa ya rubuta, ya ce ba sai an sa ba, na ce a sa.

Takardar ce ta gagara. Sunan da ke fasfonka na wasa ne, wanda ka ɗauka don Turawa su iya faɗa. Na asalin, na gidanku, sau ɗaya ka faɗa mini, kuma ban riƙe ba, don ban san zan buƙace shi ba. Na san akwai gwangwanin biskit mai hoton jirgin ruwa inda ka ajiye kwalin nan na wuyanka, ka taɓa nuna mini. Kafin Asabar ɗin da Mista Tan ya zo an riga an fitar da wasu kaya an ba masu kwasar tsofaffin takardu. Kwalin kaya goma sha ɗaya suka rage a ɗakinka, na zazzage tara. Hotunanka da gashin baki na ƙarya, wasiƙun masu kallo, takardun asibitin Anti Lili. Jiya na bi motar masu kwasar takardun har bakin titi da silifas, direban ya ce boleh, wato ba matsala, zai duba, amma na ga a idonsa ba zai samu ba.

A guruf ɗinmu na matan 'yan Najeriya wata ta rubuta cewa na rasa wanda zan yi wa wahala sai Bayahude. Wata kuma da ban taɓa shiri da ita ba ta kira ni a ɓoye, ta ce ƙaninta yana aiki a Ingila, ta ji ana ajiye sunayen yaran da aka kai can a jirgi, za ta tambaye shi. Shi ya sa na rubuta duk abin da na sani a nan. Biyana, shekara shida, Roza, Yakubu mai gyaran agogo, da yaya mace da ba ka iya faɗin sunanta ba tare da ka tashi ka bar ɗakin ba.

Amira ta cika shekara shida a watan jiya. Na tsaya ina yi mata kitso, na kalli bayan wuyanta, ƙanƙane, inda igiyar kwali za ta zauna. Na kasa ƙarasa kitson. Baba, na daɗe ina jin labarinka, amma a ranar na san abin da Roza ta yi a tashar nan, da irin ƙarfin da ta tara ta yi maka gwalo. Ta raba ka da jikinta don kada wuta ta same ka. Ka yi shekara tamanin da ɗoriya kana tsere mata, sai a hannuna ta cim maka.

Ni ba mai ilimi ba ce. An gaya mini akwai addu'ar da ba a yi wa wanda ba Musulmi ba, kuma ba zan yi gardama da malamai ba. Na bar ka ga Ubangijin da ya halicce ka, wanda ya ga yaron nan a jirgi, ya san abin da ba mu sani ba, kuma ba ya zaluntar kowa. Abin da nake roƙo, Allah ya yafe mini sakacina. Allah ya saka wa Mista Tan da ya yi haƙuri da ni. Allah ya kare duk yaron da aka raba da uwarsa, na kowane gida. Allah ya buɗe mini ƙofa kafin kwanakin nan su ƙare, ya ba ni ikon sauke abin da na ɗauka da bakina. Amin.

Taubashiyarka ta ƙofar gaba,
Hajara, Maman Amira
Pantai Dalam, Kuala Lumpur

Saura kwali biyu ban buɗe ba. Ƙanin matar nan bai amsa ba tukuna. Ba a haƙa ko'ina ba, Baba, har yanzu ban sa ka a ƙasa ba.